Jijjigar injin dizal: A biya kuɗin bincike kafin a biya kuɗin kaya

Akwai wata takarda da duk wanda ya taɓa riƙe sashen kula da motoci a ma'aikatar tarayya, ko ya yi wa wani babba hidima a matsayin mataimaki na musamman, ya san kamanninta. Direba ne ke kawo ta daga gareji, galibi da yamma, da hatimin bakanike a ƙasanta. A samanta an rubuta ciwon motar da kalmomi uku: inji yana jijjiga. Daga ƙasa kuma an jero magani: injekta huɗu, injin-sit biyu, filtar mai, wani lokaci har da famfon mai ɗungurungum, ko kuwa a yanke hukunci a ce sai an sauke inji an yi masa ringi. Tsakanin ciwon da maganin babu layi ko ɗaya da ke bayyana yadda aka gano cewa wannan ne ya haddasa wancan. A haka ake sa mata hannu, domin maigida zai tafi Kaduna gobe da asuba, ko kuma bas ɗin ma'aikata za ta ɗebi mutanen Nyanya da Mararaba da ƙarfe shida.

Ra'ayina shi ne, wannan layin da ba a rubutawa shi ne ya cancanci a fara biya. Ya kamata binciken musabbabin jijjiga ya zama aiki mai zaman kansa, mai kuɗinsa da sakamakonsa a rubuce, kuma kada wani jami'i ya amince da sayen ƙarfe ko ɗaya sai ya ga wannan sakamakon. Ba sai mutum ya iya riƙe sufana zai iya tsayawa a kan wannan ba. Abin da yake buƙata shi ne ya san tambayoyin da za a yi da kuma jerin da za a bi wajen yin su.

Gaskiya ne akasarin motocin da ke yawo a Abuja fetur suke sha, har da Hilux da dama na ma'aikatu. Amma motocin da ake dogara da su a doguwar tafiya da aiki mai nauyi, irin su Coaster, da Land Cruiser na zagayen duba ayyuka, da motocin ɗaukar marasa lafiya, da wasu Hiace da Prado, da yawansu na dizal ne, wato gas kamar yadda direbobi ke cewa. Ga kuma ma'aikatan da suka sayi Peugeot ko Volkswagen ko Mercedes na dizal 'yan Beljiyam don amfanin kansu. Injin duk waɗannan yana rawa ko da lafiyarsa ƙalau, kuma dole a fara da fahimtar wannan. Injin fetur yana da fulogi mai tartsatsi da ke kunna mai. Na dizal kuwa iska yake matsawa har ta yi zafin da mai zai kama da kansa da zarar an fesa shi. Inda injin fetur ke matse iska kamar ninki goma, injin 5L na tsofaffin Hilux da Hiace yana matse ta kusan ninki 22, sabon 1GD kuma kusan ninki 16. Kowace fashewa a cikinsa duka ce mai ƙarfi. Saboda haka jami'in da ya saba da Corolla ya shiga Hilux ta dizal ya ji kujera na motsi a kan danja, ba lallai ne akwai matsala ba. Abin tambaya shi ne ko rawar ta sauya daga yadda aka saba jin ta.

Mutum ɗaya ne ya san amsar wannan, kuma shi ne wanda ba a cika tambaya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Direban da ke zaune a bayan sitiyari kullum ya san ko jijjigar ta fara ne rana ɗaya ko a hankali ta yi ta ƙaruwa, ko da sanyin safiya take zuwa ta tafi idan inji ya ɗumama, ko bayan an sha mai a wani gidan mai na hanya ne, ko bayan an faɗa rami, ko bayan wani gyara da aka yi makon jiya. Minti goma da direba a zaune, ba a tsaye yana jiran faɗa ba, ya kan rage rabin aikin bakanike.

Tambayar farko da za a warware ita ce ko ma injin ne. Wannan ce mararrabar da aka fi ɓacewa a kanta, kuma a nan ake barin jaki ana dukan taiki. Idan mota na jijjiga tana tsaye cik, an sa ta a firi, to laifin yana tsakanin inji da abubuwan da ke riƙe shi ko suke juyawa tare da shi. Idan kuwa sai tana tafiya take yi, kuma a wani gudu na musamman, misali tsakanin kilomita 90 da 110 a awa, to akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo. A hau miƙaƙƙen titi marar cunkoso, kamar titin filin jirgi da hantsi, a kai gudun da jijjigar ke bayyana, sannan a mayar da giya firi na ɗan lokaci, inji na kunne yana silo. Kada a kashe injin, domin birki da sitiyari da shi suke samun ƙarfi. A wannan lokacin inji ya sauka ƙasa amma tayoyi na ci gaba da juyawa yadda suke. In jijjigar ta ci gaba, an wanke inji daga zargi. In ta ɓace tare da saukar ƙarar inji, to a koma kansa.

Lissafi kaɗan yana taimakawa a nan. Kewayen tayar Hilux ko Prado kusan mita 2.4 ne, don haka a gudun kilomita 100 takan juya sau 11 zuwa 12 a daƙiƙa. Wannan rawa ce da hannu ke iya ji ɗaya bayan ɗaya: in a sitiyari take, a duba tayoyin gaba, in a kujera take, a duba na baya. Sau da yawa ba wani abu ba ne illa dalmar balansin da ta faɗi, ko taɓon da ya bushe a cikin wili bayan an je duba aiki a ƙauye da damina, ko taya mai ƙari. Akwai kuma ciwon da ya fi kama motocin gwamnati: mota ta yi wata uku a ajiye a harabar sakatariya tana jiran a saki kuɗin gyara, tayoyinta su lotsa a gefen da ke taɓa ƙasa, ranar da aka tashe ta ta kama rawa. Furofela kuwa, wato doguwar sandar da ke kai ƙarfi daga giyabos zuwa tayoyin baya, tana juyawa kamar sau uku da rabi zuwa huɗu a duk juyin taya ɗaya. Tata jijjigar ta fi kama da gurnani a ƙarƙashin ƙafa. Idan kuros ɗinta ya ci, akan ji ƙwas lokacin shiga giya ko tashi daga tsaye. Haka kuma idan an kwance ta lokacin canza kuloci aka mayar ba tare da daidaita alamominta ba, mota za ta fito daga gareji da sabon ciwon da ba ta shiga da shi ba. Duk waɗannan ana rubuta su a takarda da sunan "inji yana jijjiga", kuma an sha sayen injekta saboda su.

To, a ce an tabbatar mota a tsaye take rawa. Nan ma hanya biyu ce, kuma bambanta su shi ne ainihin gwanintar bakanike. Ko dai injin yana aiki daidai amma robobin da ke raba shi da jikin mota sun gaza, ko kuwa injin ne da kansa yake ɗingishi.

Injin-sit ba ya haifar da jijjiga. Aikinsa ya shanye wadda inji ke yi. Idan ya tsage, ko ya zauna, ko ruwan da ke cikin irin na zamani ya tsiyaye, sai rawar da da ma tana nan ta samu hanyar shiga dashbod da kujeru da madubi. Alamarsa ita ce muryar inji tana nan sumul, salansa na fitar da numfashi daidai, amma cikin mota na kaɗawa, musamman a mota mai giyar otomatik idan an sa ta a giya an taka birki, ko an kunna na'urar sanyi. Gwajinsa ma a fili yake: a buɗe bonet, a ja birkin hannu, direba ya danne birki, ya sa giya ya taɓa totur kaɗan, mai dubawa yana tsaye a gefe, ba a gaban mota ba. Injin da robarsa ta yanke zai yi tsalle ta gefe ɗaya, kowa ya gani da idonsa. A daidai wannan lokaci ake duba ƙananan abubuwan da ake rainawa: salansar da maratayinta ya tsinke tana gugar jikin mota, farantin ƙarfen ƙarƙashin inji da ya lanƙwashe ya manne, fankar lagireto da ta rasa fiffike ɗaya, da fulin gaban kiranshaf, wanda ke da roba a tsakiyarsa don shanye murɗawar inji, wanda idan ta tsufa ake ganin sa yana layi. Sai dai a kula da abu biyu. Sabon injin-sit a kan inji mai ɗingishi rufa-rufa ce kawai, kuma ba zai daɗe ba zai sake yankewa. Sannan jabun injin-sit da aka cika da taurarriyar roba yakan sa mota ta fi da rawa, har a koma zargin wani abu daban.

Ɗingishin inji, wanda kanikawa ke kira mis, yana da nasa kiɗan. Inji mai silinda huɗu yana fashewa sau biyu a kowane juyi. Idan yana silo a juyi 750 a minti, fashewa 25 ke nan a daƙiƙa, kunne ba ya rarrabe su, sai dai ya ji rugugi ɗaya. Amma kowace silinda sau ɗaya take aiki a juyi biyu, don haka idan ɗaya ta yi rauni, giɓin zai riƙa dawowa kamar sau shida a daƙiƙa, kuma wannan ko wanda bai san mota ba zai ji shi idan ya tsaya kusa da salansa. Injin 1HZ na Coaster da Land Cruiser, mai silinda shida a jere, tsarinsa da kansa yake daidaita nauyinsa, shi ya sa ya fi mai huɗu natsuwa. Idan irin wannan ya fara rawa a silo, ba ɗabi'arsa ba ce. Ruwa ba ya tsami banza.

Silinda na rauni ne saboda ɗaya daga abubuwa kaɗan: mai bai iso yadda ya kamata ba, ko iska ba ta isa ba, ko matsin ya zube, ko lokacin fesawa ya goce. Hankali ya nuna a fara da mafi araha. A ƙasan filtar dizal akwai wurin da ruwa ke taruwa, da ɗan murfin da ake kwancewa a tsiyaye shi. A tsiyaye a cikin kwalba mai haske, a ajiye minti biyar, a ga ko ruwa ko laka za su kwanta. A sa guntun tiyo mai haske a hanyar mai, a ga ko kumfa na wucewa, domin tsagar da ba ta kai ta ɗigar da mai ba tana iya zuƙo iska, inji ya riƙa shaƙewa. A buɗe filtar iska, wadda ƙurar hunturu ke toshewa tun kafin lokacin sabis ya yi. A injunan zamani a duba bawul ɗin da ke mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji, wanda baƙin kunkunniya ke liƙewa har ya kasa rufuwa. Duk wannan aikin awa ɗaya ne ko biyu. Sai an wuce shi ake da hujjar ambaton injekta.

A nan ne nake ganin babban haɗari, domin kanikawanmu da yawa sun koyi sana'a a kan wani irin inji, yau kuma ana kawo masu wani. A tsohon tsari, irin na 1HZ da 5L, famfo ne ke tura mai zuwa kowace nozul ta bututunta. Bakanike yakan sassauta notin bututun ɗaya bayan ɗaya inji na silo. Silindar da aka sassauta wa noti inji ya ƙara ɗingishi, lafiyarta lau. Wadda aka sassauta ba a ji wani sauyi ba, ita ce matacciyar. Dabara ce mai kyau, kuma har gobe tana aiki a kan waɗannan injuna. Amma tun 1997, lokacin da aka fara sayar da ƙananan motoci masu tsarin da ke tara mai a bututu guda ƙarƙashin matsi mai tsanani, kwamfuta kuma na buɗe injekta, lamarin ya sauya. Injunan 2KD da 1KD da 1GD na Toyota, da HDi na Peugeot, da CDI na Mercedes, duk wannan tsarin ne. Matsin da ke cikin bututun yakan kai bar 1,600, a sababbi ma ya haura 2,000, alhali iskar da ke cikin tayar mota ba ta kai bar 3 ba. Man da ya tsarto da irin wannan ƙarfi yana huda fata ya shige cikin tsoka, kuma rauni ne da ke kai mutum ɗakin tiyata. Duk bakaniken da ya ɗauko sufana zai sassauta bututun irin wannan inji yana kunne, ya gaya maka da kansa cewa ba wurinsa ya kamata a kawo motar ba.

Hanyar da ta dace da sabon inji tana barin shaida a lambobi, kuma wannan ne ya sa ta dace da aikin ofis. Ana jona na'urar bincike a soket mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Ban da lambobin kuskure, na'urar kirki tana nuna yawan man da kwamfutar mota ke ƙara wa kowace silinda ko rage mata don silo ya daidaita. Silindar da ake ta yi wa ƙari fiye da 'yan uwanta ita ce mai rauni. Akwai kuma gwajin man da ke komawa: a jona ƙananan kwalabe huɗu a bayan injektoci, a bar inji ya yi aiki na ɗan lokaci, a ga wadda ta cika kafin saura. Amma ko an gano silinda ta uku ce, misali, ba a gama ba, domin ba a san ko injektarta ce ko ita kanta silindar ba. Sai a musanya injektar ta uku da ta ɗaya, a sake aunawa. In raunin ya bi injekta ya koma ta ɗaya, an kama mai laifi, kuma guda ɗaya ce, ba huɗu ba. In ya tsaya a ta uku, to a cire hita-fulogi a auna matsin kowace silinda da agogon aunawa, a rubuta lambobi huɗun a jere. Waɗannan lambobin ne kaɗai ke iya halatta maganar sauke inji. Wanda ya rubuta "a yi ringi" ba tare da su ba, shaci-faɗi ya yi da kuɗin jama'a.

Ko canza injektar ma yana da ƙa'idojin da ake tsallakewa. Injektocin Denso na waɗannan Toyota suna zuwa da lambar da aka buga a kansu, wadda dole a shigar wa kwamfutar mota, in ba haka ba za ta riƙa ba sabuwar injekta umarnin da ya dace da tsohuwa, jijjiga ta dawo. Wandar tagulla da ke ƙarƙashin kowace injekta sau ɗaya ake amfani da ita. Idan aka mayar da tsohuwa ta yi yoyo, hayaƙi mai zafi zai riƙa ratsawa yana dafa baƙin mai, har gudajin da ya yi su toshe rariyar famfon baƙin mai, inji ya buga. Garin neman gira a rasa ido.

Akwai wani dalilin zubewar matsi da ya kamata mazauna Abuja su sani. Ruwa ba ya matsuwa. Motar dizal da ta ratsa ambaliya, irin wadda ake yi a Lokogoma ko wajen Trademore a Lugbe, idan ta zuƙi ruwa ko kaɗan ne ta hanyar iska, fistin zai tarar da abin da ba zai iya dannewa ba, sai sandar da ke haɗa shi da kiranshaf ta ɗan lanƙwashe. Motar na iya tashi ta ci gaba da tafiya, amma daga ranar silinda ɗaya ba za ta ƙara matsawa daidai ba, ga farin hayaƙi da safe, ga rawa a silo. Direban da ke tsoron takardar tuhuma ba zai faɗa ba. Za a canza injekta, a canza famfo, a canza injin-sit, ciwo na nan. Ofishin da ke hukunta direba a kan faɗin gaskiya, da kuɗi yake biyan shirunsa.

Masu ƙananan motocin Turai masu giyar hannu suna da nasu ƙarin abin dubawa. Filawil ɗinsu gida biyu ne da sifirin a tsakani, an yi shi ne don shanye dukan injin dizal kafin ya isa giyabos. Idan ya gaji akan ji kwaramniya lokacin tayar da mota da lokacin kashe ta, da karkarwa a ƙafar kuloci, kuma sautin kan sauya idan an taka kulocin. Wasu kan maye gurbinsa da filawil na ƙarfe zalla saboda araha. Mota za ta yi tafiya, amma mai ita ya sani cewa ƙarin rawar da zai riƙa ji shi ya saye ta da kuɗinsa. Waɗannan motocin kuma an ƙera su ne don man Turai, wanda sinadarin sulfa a cikinsa ba ya wuce kashi 10 cikin miliyan. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fitar da rahoton da ya nuna yadda 'yan kasuwar mai ke kawo wa ƙasashen Afirka dizal mai sulfa ninki ɗaruruwa a kan haka, a 2020 kuma ƙasashen ECOWAS suka amince da iyakar kashi 50 cikin miliyan. Sulfa ba ta sa inji rawa nan take. A hankali take taimakawa wajen toshe matatar hayaƙi da ke cikin salansar waɗannan motoci, musamman wadda ba ta wuce zirga-zirgar gida zuwa ofis. Abin da ke kashe injekta da sauri shi ne ruwa da datti, kuma ba a wurin 'yan bumburutu kaɗai ake samun su ba. Ofisoshi da dama na ɗura wa motocinsu mai daga tankin janareta ko daga durom ɗin da ya daɗe a ajiye a rana, inda raɓa ke taruwa ta kwanta a ƙasa tare da tsatsa. Janareta na iya jure wa wannan. Injektar da ramukanta suka kai siririn gashi ba za ta jure ba, kuma sababbin da aka saya za su bi sahun tsofaffin cikin 'yan watanni muddin tankin bai sauya ba.

Me ya sa, duk da sauƙin waɗannan gwaje-gwaje, ba a yin su? Ba na cikin masu ɗora wa kanikawan Apo laifin duka. Tsarin biyan kuɗinmu ne ya koya masu abin da suke yi. Tun bayan da gwamnatin Obasanjo ta mayar da alawus-alawus zuwa kuɗi a 2003, aka rage motocin gwamnati da direbobinta, gyaran abin da ya saura ya fi komawa hannun 'yan kwangila da garejojin waje. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta tanadi a nemi farashi daga aƙalla masu kawo kaya uku a ƙananan sayayya, kuma tanadi ne mai kyau. Sai dai takardu ukun suna gwada farashin injekta huɗu ne a tsakaninsu. Babu wadda ke tambayar ko ana buƙatar injektar. Mai binciken kuɗi yana gane rasit ɗin ƙarfe, domin abu ne da ake iya ƙirgawa a shigar a littafin sito. Awa uku da bakanike ya yi yana aunawa har ya gano cewa tiyo ne ya tsage ba ta da gurbi a baucan. Wanda ya gano gaskiya da wuri zai tashi da kuɗin tiyo, wanda ya yi lalube ya tashi da ribar injekta huɗu. Mu ma masu motocin kanmu haka muke: mukan biya kuɗin kaya ba gardama, amma in bakanike ya ce a ba shi ladan dubawa sai mu ce ai bai yi komai ba.

Za a ce bincike na cin lokaci, maigida kuma ba ya jira. Rabin yini ne, ko yini guda in za a auna matsi. Lalube kuwa yakan ci zuwa gareji uku, kowanne da nasa fayil ɗin. Za a kuma ce na'urar bincike ta warware komai, a kira yaro mai kwamfuta kawai. Wannan ma kuskure ne. Na'ura ba ta ganin tsagaggen injin-sit, ba ta jin kuros ɗin furofela, ba ta san taya ta yi ƙari ba, kuma a tsohon 1HZ babu ma abin da za ta karanta. Akwai masu yawo da ita suna goge lambobin kuskure, fitilar dashbod ta mutu, a biya su, bayan kwana biyu ta dawo. Tsohon bakaniken da ke ɗora dogon sukundireba a jikin inji ya kara kunnensa a ƙotar yana da ilimin da na'ura ba ta da shi. Garejin da ya cancanci motar gwamnati shi ne wanda ya haɗa kunnen da na'urar, kuma hukumar NADDC, wadda ke horar da kanikawa kan motocin zamani, za ta yi wa ma'aikatu babban amfani in ta riƙa wallafa sunayen garejojin da ke da kayan auna dizal a kowace shiyya.

Akwai lokutan da bai kamata mataimaki ya bari motar ta fita ba, komai matsin da ke kansa. Idan aka zaro sandar auna baƙin mai aka ga yana ƙaruwa maimakon raguwa, yana kuma warin dizal, to injekta na zubar da mai cikin inji, man shafawa ya tsinke. Idan jijjigar ta zo da ƙara mai kaifi kamar ana buga guduma a kan ƙarfe, da farin hayaƙi mai yaji a ido wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, injektar na iya ƙona kan fistin kafin a kai Jere. Idan kuma furofela ce ke ƙwas-ƙwas, tana iya ɓallewa a kan gudu. Wanda ya san hanyar Abuja zuwa Kaduna, ko ta Lokoja bayan magariba, ya san ba wurin da ake son tsayawa da buɗaɗɗen bonet ba ne, balle da mutum talatin a cikin Coaster. Gara a sha faɗan maigida a nemo wata motar.

Abin da nake ba da shawara ba ya buƙatar sabuwar doka ko kwamiti. Daraktan gudanarwa na iya yin sa da takardar umarni guda. A raba aikin gida biyu, kowanne da baucansa. Na farko na bincike ne, a biya shi ko da sakamakon ya nuna dalmar taya ce ta faɗi, kuma ya zo da bayanin direba, da yanayin da jijjigar ke bayyana, da gwajin da aka yi, da lambobin da aka samu, har da hoton fuskar na'urar da aka ɗauka da waya. Na biyu na kaya ne, kuma kowane abu a cikinsa ya zama yana da layin da ya haife shi a takardar farko. A dawo da tsofaffin kayan sito a cikin kwali mai lambar motar, domin injektoci uku masu lafiya da aka cire tare da marar lafiya ɗaya sukan sake bayyana a kasuwa a matsayin 'yan Beljiyam. Sannan a rubuta a littafin motar ranar da aka yi gyaran, da kilomitar da ke kan agogo, da wurin da aka sha mai na ƙarshe. Idan kuma direba ya ce da sanyin safiya kaɗai take rawa, a bar motar ta kwana a garejin, bakanike ya tashe ta da kansa da asuba kafin kowa ya taɓa makulli.